RA'AYINMU: A Auna Ruwan Da Ke Ƙarƙashin Jos

Ran Lahadi 22 ga watan Yuli, 2012, da dare, ana cikin kwanakin farko na watan azumi, aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya a Jos da duwatsun da ke gabas da ita. Madatsar ruwa ta Lamingo ta cika ta tumbatsa, ruwa ya gangaro ta rafin da ya ratsa Rikkos, ya auka wa Gangare da Unguwar Rogo alhali mutane suna cikin ɗakunansu. Kafin gari ya waye an rasa rayuka aƙalla 35, cikinsu har da mata da ƙananan yara, gidaje wajen 200 kuwa sun rushe ko ruwa ya shanye su. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi a Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal ta waya suka ji labarin, waɗansu kuma suka kwana a mota suka je suka tarar an riga an yi jana'iza.

Ba don mu fama tsohon gyambo muka tuno da wannan dare ba. Tambaya ɗaya ce ta tsaya mana a rai tun daga lokacin, watau ko akwai wanda aikinsa ne ya san iyakar ruwan da ƙasar Jos ta riga ta sha kafin wannan hadari ya sauko, ya kuma san wanda zai gaya wa. Gama ambaliya ba daga sama kaɗai take zuwa ba. Rabinta a ƙarƙashin ƙasa take kwana tana jiran ranar fitowa. Ƙasa kamar tulu ce, in da sauran wuri a cikinta sai ta shanye abin da aka zuba mata, in kuwa ta cika, ko moɗa ɗaya aka ƙara sai ta zubar. Ruwan da zai sauka a watan Mayu ya ɓace ba wanda ya kula, shi ne in ya sauka a ƙarshen Yuli zai ɗauke gida da mai gida. Abin da muke so mu nuna a yau shi ne wannan cika tana da ma'auni, waɗansu ƙasashe sun daɗe suna auna ta, kuma Jos tana cikin garuruwan da suka fi kowa bukatar a yi musu haka.

Waɗanda suka fara koyon wannan ilmi mutanen da ke zaune a kan dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake ƙonawa a yi siminti. 'Yan'uwanmu na Shagamu da Ewekoro sun san shi, haka ma mutanen Kalambaina ta Sakkwato da na Ashaka da na Mfamosing kusa da Kalaba. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, to ruwan sama yakan kwashi ɗan tsami daga iska da kuma ruɓaɓɓen ganye na cikin ƙasa, tsamin da harshe ba ya ji, amma ya isa ya riƙa cin wannan dutse kaɗan kaɗan. Yakan bi ta tsaga ya buɗa ta, shekara dubu bayan shekara dubu, har tsaga ta zama kwararo, kwararo ya zama kogo, kogo ya haɗu da ɗan'uwansa. Daga nan sai ka ga ƙorama tana tafiya a sarari ta nutse cikin rami ta ɓace, ta je ta ɓullo a wani kwari dabam. Masana suna kiran irin wannan ƙasa Karst, sunan wani tudu ne da ke kan iyakar Sulobeniya da Italiya inda aka fara nazarin al'amarin sosai.

Akwai wani labari na ƙasar Jamus da ya kamata mai karatu ya ji, don shi ne tushen dabarar. Kogin Danub, kusa da wani gari da ake kira Immendingen, yakan nutse cikin irin wannan dutse, wani lokaci da bazara har gindinsa ya bushe ƙaƙas. Can kudu kuwa, tafiyar wajen kilomita 12, akwai wani babban marmaro da ake kira Aach. An daɗe ana zaton ruwan ɗaya ne, amma zato ba hujja ba ne. A cikin 1877 wani masani mai suna Adolf Knop ya sa aka zuba gishiri mai yawa da wani koren rini a inda kogin yake nutsewa, aka zauna gadi a bakin marmaron. Bayan wajen awa 60 sai ga ruwa ya fito da gishiri da launi. In ka raba tafiyar da awoyin za ka ga ruwan yana cin wajen mita 200 a awa guda a ƙarƙashin ƙasa, alhali ruwan da ke tsatsa ta cikin yashi sau da yawa ba ya wuce mita ɗaya ko biyu a yini. Wannan bambanci shi ne dalilin da ya sa ambaliyar irin wannan ƙasa take zuwa ba sallama, shi ne kuma ya sa ƙazantar da aka zuba a rami yau takan fito a rijiyar wani jibi.

To, gaskiya ɗaya ce, Jos ba a kan dutsen farar ƙasa take ba, kuma ba za mu ce haka ba don mu ƙawata magana. Tudun Jos, wanda ya ɗara mita 1,200 bisa teku, galibinsa dutse ne mai tauri irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar kankare, ruwa ba ya narkar da shi. A bisansa akwai marmara da jar ƙasa, a wani wuri da kauri, a wani wuri ko taki biyu ba ta kai ba ka tarar da fa. Cikin wannan ɓawo na sama da cikin tsagogin dutsen ruwan rijiyoyin garin yake zaune, shi ya sa tulun Jos ƙarami ne, yana saurin cika da damina, yana saurin ƙafewa da rani. A waɗansu sassa kuma, kamar wajen Panyam da Kerang, akwai baƙin dutse na aman wuta wanda ya malalo a zamanin da ya binne tsofaffin koguna da yashinsu. Waɗannan koguna ba su mutu ba, har yanzu suna ɗauke da ruwa a ƙarƙashin dutsen, irinsu ne ke fitowa a marmaron Kerang wanda ake ɗura ruwansa a kwalba ana sayarwa har a Kudu.

Amma abin da Allah bai yi wa ƙasar Jos da ruwan tsami ba, ɗan Adam ya yi mata da diga da shebur cikin shekara ɗari. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Liruwen Kano da Liruwen Dalma suna narka kuza suna sayarwa. A 1902 Kamfanin Neja ya aiko da mutanensa neman inda take fitowa, ba a daɗe ba aka kafa bariki a Naraguta, a 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, a 1927 babban ya iso ta Kafanchan. Da wutar lantarki ta samu daga Kurra, sai manyan injuna suka shiga yaye ƙasa a Bukuru da Rayfield da Sabon Gida da Barikin Ladi da Bisichi, suna bin kuza duk inda tsohon kogi ya ajiye ta. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, aka yi ɗiban gwamna daga lardunan Arewa, aka kawo kakanninmu dubbai suka yi haƙa cikin sanyin da ba su saba da shi ba, waɗansu ba su koma gida ba. A 1943 an fitar da kuza wajen tan 17,000. Da kasuwarta ta karye a duniya cikin Oktoba 1985, kamfanonin da suka rage suka naɗe tabarmarsu, kuza ta tafi Ingila, ramuka suka zauna da mu.

Kududdufan da aka bari, a ƙiyasin da aka fi ambata, sun haura dubu. Waɗannan ido yana ganinsu, kowace shekara kuma suna cin yara masu wanka da dabbobi. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne wanda ido ba ya gani. Akwai tsofaffin ramuka da aka cike da tarkacen haƙa aka dasa itatuwan turare a kai tun ƙarshen shekarun 1940, ƙasarsu sako-sako ce, tana shan ruwa kamar soso tana kuma zaunawa in ta jiƙa. Akwai rafukan da aka karkatar daga hanyarsu ta asali don a wanke kuza, hanyar ta asali kuwa tana nan, ruwa bai manta da ita ba ko da an yanka filaye a kanta. Daɗin daɗawa ga aikin 'yan loto, waɗanda har gobe suna haƙa rami kamar rijiya, gaba goma ko fiye, sa'an nan su karya kwana su bi jijiyar kuza ta ƙarƙashin gona da hanya, wani ramin ya huda cikin wani. Ba mu zarginsu, yunwa ce ta tura su, kuma su ne na farko da ƙasa take rufta wa in damina ta yi nisa. Amma in ka tara kududdufi da cikakken rami da binnannen rafi da kwararon loto, me ka samu in ba ƙasa mai kogo ba? Halin ruwa a cikinta ya yi kusa da halinsa a cikin dutsen farar ƙasa, yana tafiya da sauri ta hanyar da ba a zana a taswirar kowa ba.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A Afirka ta Kudu, yamma da Johannasbag, masu haƙar zinariya sun tsotse ruwan da ke cikin kogunan dutse da manyan injuna don su sami damar yin ƙasa, ba su damu da abin da zai auku a sama ba. Ran 12 ga Disamba, 1962, ƙasa ta buɗe baki a mahaƙar West Driefontein ta haɗiye ginin injin niƙa dutse mai hawa uku da ma'aikata 29. A cikin Agusta 1964 ta sake haɗiye wani gida da mutum biyar suna barci a Blyvooruitzicht. Sai bayan wannan aka tashi haiƙan ana auna hawa da saukar ruwan ƙasa, aka kuma hana yin babban gini a irin wannan wuri sai an huda an duba. Darasin a nan biyu ne, cikar ruwa hatsari ce, janyewarsa farat ɗaya ma hatsari ce, don ruwan ne yake tallafe da rufin kogon.

Menene aunawar da muke ta faɗi? Ba wani sihiri ba ne, kuma ba ta kai kuɗin gada guda ba. Ana kafa ma'aunin ruwan sama a kan duwatsun Shere da sauran inda rafukan garin suke tasowa. Ana kafa sanda mai lamba a jikin madatsa da gindin kowace gada, yadda ko ɗan makaranta zai iya karantawa. Ana keɓe waɗansu rijiyoyi da ba a ɗiba, a riƙa zura igiya ana rubuta nisan ruwa daga baki, ko a saka ƙaramar na'ura da ke aika lambar ta waya kowace awa. Kududdufan kuza su kansu tagogi ne da aka riga aka huda mana kyauta, gama ruwan da yawansu haɗe yake da na ƙasa, in aka kafa musu sanduna za su faɗi yadda tulun yake cika mako mako. Sa'an nan a yi irin gwajin Knop, a zuba gishiri ko rini marar cutarwa a kududdufi ko bakin loto, a ga rijiyar wace unguwa zai ɓullo. Wannan gwaji zai amsa wata tambaya da ta shafi lafiya, domin masana sun daɗe da nuna cewa tarkacen wankin kuza yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururi mai cutarwa, ga kuma masai da ake haƙawa taki kaɗan daga rijiya a unguwanninmu masu cunkoso. In aka yi shekara biyar ana tara waɗannan lambobi, za a iya cewa: in rijiya kaza ta kai nan, madatsa ta kai nan, aka kuma yi ruwa kaza a Shere, to mutanen bakin rafi suna da minti kaza su hau tudu.

Minti kaza ɗin nan shi ne dukan zancen. Lambar da ta kwana a littafin ofis ba ta ceci kowa ba. Tilas a san mutumin da zai ɗaga waya da ƙarfe goma na dare, da mai unguwar da zai amsa, da lasifikar masallaci da ƙararrawar coci da za su tashi jama'a, da makarantar da za a nufa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ba za a ce babu hukumomin da za su yi aikin ba, sai dai a ce sun yi yawa. Akwai Hukumar Kula da Yanayi ta Tarayya, akwai Hukumar Nazarin Ruwa ta Ƙasa wadda doka ta kafa a 2010, tana kuma fitar da hasashen ambaliya kowace shekara tun 2013. Muna yaba wannan hasashe, amma yakan ambaci jihohi da ƙananan hukumomi ne, idonsa kuma ya fi karkata ga Kwara da Binuwai, waɗanda ambaliyarsu takan yi kwanaki tana tafe. Rafin Jos kuwa tsakanin isha'i da tsakar dare yake gama aikinsa. A cikin garin Jos ɗin akwai Jami'a mai sashen ilmin duwatsu da haƙar ma'adinai, akwai Cibiyar Koyon Haƙar Ma'adinai ta Tarayya, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa a Kaduna tun 1979. Masana ba su yi ƙaranci ba, ɗalibai masu neman abin da za su rubuta a kai sun fi kududdufan yawa. Kuɗi ma an tanadi inda za su fito, da Asusun Gyaran Muhalli da aka kafa a 1981, da asusun gyaran wuraren haƙa da dokar ma'adinai ta 2007 ta yi umurni da shi. Muna kira ga Gwamnatin Tarayya, wadda ita ce mai mallakar ma'adinai bisa tsarin mulki, ita ce kuma ta gaji harajin kuza, da Gwamnatin Jihar Filato mai ikon filaye da madatsun ruwan sha, su ɗora wannan nauyi a kan ofis guda mai suna, su riƙa buga lambobin a fili ana karantawa a rediyo da Hausa da Birom da sauran harsunan jihar. Rabon shinkafa da tabarmi bayan an binne mutane ihu ne bayan hari.

Mazauna Badun sun san abin da muke nufi. Ogunpa ta yi ɓarna ran 31 ga Agusta, 1980, aka yi kuka aka manta, sai da aka sake rasa mutum fiye da 100 ran 26 ga Agusta, 2011, kafin a ƙulla shirin da Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 200 a 2014, wanda ya haɗa da gyaran madatsar Eleyele da tsarin gargaɗi. Mutanen Maiduguri sun ga abin da madatsar Alau ta yi a Satumba 2024, na Mokwa sun ga nasu a Mayu 2025. Jos ta riga ta biya nata kuɗin makaranta tun 2012, bai kamata a sake karɓa a hannunta ba.

Kada kuma wanda ke Kurmi ya ce wannan zancen mutanen Filato ne. Ruwan da ya sauka a tudun nan uku yake rabuwa: Dilimi ta yi arewa ta bi ta Jama'are zuwa Yobe da Tafkin Cadi, kogin Kaduna ya yi yamma ya faɗa Kwara, Gongola da Mada da 'yan'uwansu su gangara Binuwai, su haɗu a Lakwaja su wuce ta gaban Anaca. Kabeji da karas da tumatir da dankalin Turawa da ake lodi a Farin Gada ana saukewa a Mile 12, da yawansu da ruwan kududdufan kuza aka yi ban-ruwansu da rani, saboda haka tsabtar wannan ruwa ta shafi tukunyar Ikko da jarin ɗan kasuwarmu baki ɗaya.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyanmu mu kanmu, kuma gara mu faɗa wa juna. Wane ne yake aika kuɗi gida a saya masa fili? Mu ne. Mutum ya yi shekara ashirin yana dako ko canji ko sayar da goro da shanu, ya tara abin da ya tara, dillali ya buga masa waya ya ce ga wani fili da araha, ya biya bai taka wurin ba. Arahar nan tana da dalili. Kafin ka biya, sa ɗan'uwanka ya nemi dattijon da ya yi aikin kuza a wannan gefe ya tambaye shi abin da ke wurin a da, ko rafi ne, ko rami ne aka cike. Waɗannan dattawa su ne taswirar da ta rage, kullum kuwa raguwa suke yi, ya kamata Jami'a ta zauna da su da takarda da alƙalami tun suna da rai. In kuma rijiyar burtsatse za ka haƙa wa unguwarku sadaka, Allah Ya ba da lada, amma ka sa mai haƙa ya rubuta maka irin ƙasar da ya ratsa, da zurfin da ya tarar da ruwa, da inda ruwan ya tsaya, a ajiye takardar a hannun mai unguwa. Rijiya ɗari masu irin wannan takarda sun zama rabin binciken da muke roƙon Gwamnati ta yi.

Muna roƙon Sarakunan Hausawa na Sabo da Agege da Idi-Araba da Shagamu da Inugu, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da direbobi masu zirga-zirga a hanyar Jos, su sa wannan magana cikin taronsu na gaba, su rubuta wa wakilan Jos da Bukuru da Barikin Ladi a Majalisar Jiha da ta Tarayya takarda mai sa hannu, su nemi amsa a rubuce. Lokacin kafa sanda a madatsa da kududdufi shi ne rani, sa'ad da ruwa ya ja baya gindi ya bayyana, daga Disamba zuwa Maris. Ruwan farko a Jos a watan Afrilu yake sauka.